Kunya Arba'in, Kunya Tamanin

A Auyo, ofishin ƙungiyar manoma
ɗaki ɗaya ne, da benci, da kwalin takardu,
da wata kwamfuta da aka ba mu kyauta
shekarar da ruwa ya ci shinkafar fadama.
Sai janareto ya yi tari uku take farkawa,
amma ba ta taɓa yi mini gardama ba.

Ni ne akawu. Faifanta na hannuna,
baƙi, mai laushi, cikin rigar takarda.
Inna ta gani ta ce, "Wannan ne faifai?
Ko ƙwaryar fura ba zai rufe ba."

Ga shi kuwa ya rufe mutum ɗari da sha bakwai,
da buhunan takin da kowa ya ɗauka,
mai biya da hannu, da mai cewa sai kaka,
da Ilu Mai Albasa, buhu huɗu,
da ya rasu ran Talata bai biya ba.

Shugaba ya ce, "An yafe. Goge sunan."
Ranar ko ɗigon mai babu a janareto.
Na sa faifan a jaka, na hau akori-kura
zuwa Haɗeja, shagon Gambo mai sabuwar na'ura.
Ta haɗiye shi, ta yi ɗan ƙugi,
ta jero mu tsaf, ba ta tsallake kowa ba.
Na goge Ilu. Na biya naira ashirin.
Ko ruwa ban tsaya na sha ba.

Da na dawo, tamu ta karɓi faifanta,
ta yi ta gurnani kamar mai ciwon haƙori.
Faifan da ta rubuta da kanta shekaranjiya,
yau ta ce ba ta san shi ba.

Na koma. Gambo ya tsuguna da tsinke a ƙasa:
"Taku garmar shanu ce,
kunya arba'in take ja, masu faɗi.
Tawa tamanin take yi a gona guda,
sirara kamar zaren ɗinki.
In ta bi kunyarku, tsakiya kawai take tsagawa,
gefe da gefe tsohon rubutu na nan kwance.
Tawa sabon kaɗai take gani.
Taku mai faɗin ido ce, biyun take kwasa,
kamar mutum biyu na magana a kunne ɗaya,
ba ta san wa za ta saurara ba."

Na ce to in sayi faifan zamani, mai cin kaya.
Ya ce, "Ƙasarsa fako ce,
garmarku ba za ta kama ba.
Abin da tsohuwa za ta karanta, bar ta ta rubuta,
ko ka kawo filin da ba a taɓa nomawa ba."

Dare biyu na yi da fitilar ƙwai da babban littafi
ina sake buga mutum ɗari da sha shida.
Tsohon faifan na jefa a aljihun tebur.
Ilu na ciki, a gefen kunya,
da buhunansa huɗu,
an goge shi, bai kuma gogu ba.

Ran kasuwa sai ga ɗansa, Nomau,
ƙafa duk laka, da kuɗi ƙulle a leda.
Na ce masa ai ƙungiya ta yafe.
Ya ce ya ji, an gode,
amma na buhu ɗaya ne, saura uku bayan girbi,
shi dai babansa ba zai kwanta da bashi ba.

Na riƙe ledar. Janareto na tari a waje.
Na duba sabon jeri daga sama har ƙasa,
ban ga inda zan rubuta ba.